Akuya Mai Tsagaggen Kunne

"Wa ya zana wagga akuya?"

Malam Mode ya ɗaga rigar sama. 'Yarsa Shamsiyya ta sunkuyar da kai...

Rigar ƙungiyar dukawan Ƙofar Dundaye ce, wadda Malam ke shugabanta. Fara ƙal, a ƙirji ga jar akuya ta ɗaga kai kamar an kira sunanta, ƙarƙashinta an rubuta FATARMU, MUTUNCINMU. Kunnenta na hagu a tsage yake gida biyu.

"Sirajo ya buga su a shagonsa na Mabera, Baba," in ji Mansur, sakataren ƙungiya, wanda ya daɗe yana son Shamsiyya ba ta kula shi. "Dubi kunnen! In ba gidansu ta ƙare ba, ina ya san shi?"

Shekara goma sha biyar ke nan da akuyar Malam mai irin wannan kunne ta ɓace. Tun ranar ya ɗora laifin a kan maƙwabcinsa Haruna, mahaifin Sirajo, ko gaisuwa ba sa yi. Da ƙyar ya yarda magabatan Sirajo su zo neman auren Shamsiyya ranar Juma'a.

"Su ci akuyata, su yi min dariya a ƙirjin mutum sittin? A gaya musu kada su zo!"

Shamsiyya ta tuna ranar da ta kai wa Sirajo zanen. Sirajo ya daɗe yana kallonsa.

"Sanyin idona, mi ya sami kunnenta?"

"Haka nike ganinta a mafarki," ta ce masa kawai.

Yanzu sai ta durƙusa, hawaye na zuba.

"Baba, ni na zana ta... kuma ni na kwance ta."

"Mi kika ce?"

"Ina shekara shida. So nike in ga inda akuya ke zuwa in ba a ɗaure ta ba."

Mansur ya fara laluben takalmansa.

Malam Mode ya dubi rigar, ya dubi 'yarsa, ya sassauta murya.

"To... ina ta tahi?"

"Ta tsaya ta ci bawon mangwaro. Sai ga garke ana kora shi kasuwar dabbobi ta Kara, ta shige tsakiya. Ko waiwaye ba ta yi ba, Baba."

"Ko waiwaye?"

"Wallahi."

"Ja'ira! Ni da nike ba ta dusa da hannuna!"

Dariya ta kuɓuce masa, sai kuma ta koma kuka. Ya zura rigar a kan jamfarsa, ta matse shi tam, ya fita ba takalmi.

"Haruna! Fito ka ga wadda ta raba mu, ka yafe min!"

Ranar ɗaurin aure dukawa sittin suka jeru, kowa da akuya a ƙirji. Da aka kai amarya, Sirajo ya raɗa mata:

"'Yar kwance-kwance... ni dai ko kin kwance ni, ba inda za ni."