Faɗuwar Rana ta Biyu

Ranar Alhamis, sha huɗu ga Disamba, Injiniya Izzuddeen ya ɗauki matarsa Bilqis da 'yarsu Nana Firdausi, mai wata bakwai, daga unguwar Hor Al Anz zuwa doguwar hasumiyar nan ta Dubai. Makonsu guda da zuwa daga Kano. Shi mutum ne da ba ya barin abu bai rubuta ba, kuma ya riga ya lissafa a littafinsa cewa rana za ta faɗi a ƙasa ƙarfe biyar da minti talatin da ɗaya, amma a hawa na ɗari da ashirin da huɗu sai bayan minti uku. Burinsa ya nuna wa Bilqis faɗuwar rana sau biyu a yini guda.

Suna harabar ƙasa haske ya janye, aka fara kiran salla.

"Abban Nana, magariba fa ta yi," in ji Bilqis, tana jan mayafi ta rufe goyonta. "Ba a yawo da jariri yanzu."

"A sama ba ta yi ba tukuna. Yalla, mu je."

Hawawu, 'yar Zongon Ghana mai tsaron lif, ta sassauta murya. "Alhaji, jira shwayya, kaɗan kawai. Wannan lokaci ba mutane kaɗai ke shiga ba."

Ya yi murmushi, ya miƙa mata tikiti.

Su uku ne a ciki. A hawa na arba'in kunnuwansu suka toshe. A na saba'in warin jiƙaƙƙiyar toka ya cika lif ɗin. Izzuddeen ya kasa kunne: numfashinsa, na Bilqis, na jaririya, da wani na huɗu, mai kauri, daf da ƙeyarsa.

Ƙofa ta buɗe. Jar rana ta hasko su ta gilashi.

Wata ƙara ta tashi kamar ana yanka ƙarfe, ƙaurin gashi ya biyo baya. Wani baƙin abu ya zubo daga rufin lif, ya shige ƙarƙashin mayafin Bilqis. Kukan Nana ya yanke.

"Nauyi," Bilqis ta raɗa, gwiwoyinta suka bugi ƙasa. "Goyon ya yi nauyi."

Nan ya gane aikin da ya yi. Abin da magariba ta saki a ƙasa, shi ya hauro da shi inda rana ba ta faɗi ba, abin kuma ya sami inuwa a jikin 'yarsa. Agogo ya nuna saura minti biyu.

Ya yage mayafin, ya kwance zanen. Idanun Nana baƙi ƙirin, babu fari. Muryar tsoho ta fito daga bakin da ko haƙori babu.

"Kai ka kawo ni. Bar ni a inuwa."

Ya ɗaga ta ya nufi gilashi. Mari daga hannun da ba a gani ya ɗauke shi, ya maka bakinsa a ƙarfen madubin hangen nesa. Haƙora biyu suka zube. 'Yan yawon buɗe ido suka watse suna ihu.

Ya miƙe, bai sake ta ba.

Ɗan yatsansa ya lanƙwashe baya, ya karye. Sai na kusa da shi.

Rabin rana ya nitse.

Wani abu ya tokari haƙarƙarinsa, ya ji ƙas. Ayatul Kursiyyu na fita daga bakinsa tare da jini.

Ya manna Nana da gilashi.

Hayaƙi ya fara tuttuɗowa daga hancinta, baƙi, yana kururuwa.

Rana ta ɓace.

Sannan Nana ta tsala kuka, kukan jarirai.

A asibiti an rubuta cewa faɗuwa ya yi: yatsu biyu, haƙarƙari biyu, haƙora biyu. Bai musa ba. Da hannun hagu ya rubuta nasa bayanin, kuma har yau bai bari Bilqis ta ga layin ƙarshe ba: "Rana ta ɓace biyar da talatin da huɗu. Hayaƙin bai gama fita ba."

Nana tana tafiya yanzu, lafiyarta ƙalau. Sai dai duk safiyar da aka ɗaga labule, takan rarrafa ƙarƙashin gado, ta zuba wa ubanta ido daga cikin duhu.