Ƙullin Hasana

Duk wanda ya zauna Talata Mafara a shekarun aikin dam ɗin Bakolori ya san Jatau mahauci. Shi ke kai nama sansanin ma'aikata, a can kuma ya koyi kartar da Turawan aikin suka zo da ita: kati biyu a hannunka, biyar a tsakiyar tabarma, abin da ake zubawa kowane zagaye kuma yana da iyaka. Ba ta cinye mutum tashi ɗaya. A hankali take tsotsa.

Ɗan Juma direban tifa ne ya gaya masa dokarta: a raba jari kashi-kashi, a zo da kashi ɗaya, in ya ƙare a tashi. Jatau ba shi da wannan haƙurin. Da ta kusa cinye kuɗin fawarsa, sai ya nufi wani boka a dajin bayan Dosara.

Bukkar tana gindin wata busasshiyar kuka. Ƙahonin awaki sun cika bango, ga tukunya da jini ya daskare a bakinta, amma ko ƙuda ba ya sauka a kai. Boka ya yaga baƙin ƙyalle gida uku, ya raba sauran kuɗin Jatau a ciki, ya ƙulle kowanne, ya yanka jan zakara a kansu.

"Kowane ƙulli sai da mai shi," in ji boka. "Kira suna."

"Don mi?"

"Don shi tsare maka. Ka buɗe guda, ka yi wasa, ka maida. Shina ci. Amma kada shi ƙare."

Jatau ya kira uwarsa Marka, ya kira matarsa Turai. A na uku boka ya dube shi. "Ba ka sa naka?"

Jatau ya yi dariya, ya ce Hasana, ɗiyarsa.

Ci ya zo. Ya sayi babur, ya rufa kwano, ya daina taɓa wuƙa. Sai dai karta ko ga mai sa'a tana da muguwar rana. Wata Juma'a bayan masallaci ƙullin Marka ya ƙare tas. Kafin ya kai gida an iske tsohuwar a zaune gaban murhu, muciya a hannu, babu rai.

Ya gane ran kowa yana cikin ƙullin da aka kira sunansa. Abin da ya yi bayan wannan ganewar shi ne har yau ba a yafe masa ba. Bayan sadakar bakwai ya tsaya gaban akwatin da yake ajiye su, ƙulli biyu a hannu, yana auna wanda zai ɗauka. Ya ɗauki na Turai, wai zai yi a hankali. Ƙullin bai ƙare ba, ya dai rage 'yan sulalla. Turai ma ba ta mutu ba. Tana nan a Bakura gidan iyayenta, hankali ya gushe, ɗaure da turu, tana jera ganyen dalbejiya biyar-biyar a ƙasa.

Daga nan Jatau ya bar karta. Ya ɗaure ƙullin Hasana a ƙugu, ya rantse ba zai ƙara kwance shi ba. Babur ya tafi, gida ya tafi, ya kwana da yunwa, bai taɓa ba. Yarinyar ta girma lafiya wurin gwaggonta.

Sai gwamnatin soja ta canza kuɗi, aka ba da 'yan kwanaki kowa ya kai tsofaffi banki. Ɗan Juma ya same shi a kasuwa ya roƙe shi ya kawo a canza masa.

"In na kwance, hannuna na sani," in ji Jatau. "Tabarma za shi kai ni. Bar mata abinta a ɗaure."

Ranar da wa'adi ya cika, abin da ke cikin ƙyallen ya zama takardar banza. Hasana ta dawo daga ɗiban ruwa ta ce kanta na ciwo. Ba ta kai la'asar ba.

Jatau yana yawo har yanzu bakin magudanar ruwan dam, ƙullin a ƙugu, yana tare mutane yana cewa bai kwance ba, a zo a duba.

Kai mai kwaɗayin kuɗin da ba ka yi wa gumi ba, ka ji. An tambayi Jatau sunansa, ya ba da na ɗiyarsa. Duk ranar da ka durƙusa gaban boka, kai ma za a tambaye ka.