Wanda Ya Yanki Wayar Akurki

Da safiyar Laraba Abigail ta zagaya bayan gidanta a Abbare, ta tarar an taɓa kayan akurkin da take haɗawa. An yanki kusan rabin ragar waya, dirkoki huɗu kuma sun yi ƙafa. Ta zauna kan turmi ta fashe da kuka. Mijinta Manasseh ne ya sayi wayar kafin ciwo ya ɗauke shi da damina, don yaransu su riƙa samun ƙwai. Ga shi ran Asabar uwarta za ta aiko da kaji daga Lau, muzurun unguwar kuwa ba ya barin kaza ta kwana a fili.

Maƙwabcinta Sajan Yuguda, tsohon ɗan sanda, ya jiyo kukan ya shigo. Shi dai ritaya a takarda kawai ya yi ta. Ya duba wurin tsaf. Kwanon rufi na nan, guduma da ƙusoshi na nan. Sauran wayar ma an naɗe ta, an ɗaure da igiyar rama, an ɗora kan duwatsu don kada raɓa ta sa ta tsatsa.

"Maman Jennifer, ɓarawon nan naki yana da tarbiyya," in ji shi.

Ya fara da Ukasha kafinta, wanda ya kafa dirkokin. Ukasha ya kalli bakin wayar ya yi tsaki.

"Haba Sajan, da adda aka sare wannan kan dutse. Ina da almakashin kwano zan yi aikin ƙauyanci?"

Sajan ya sallame shi. Ya leƙa gidan Tobias mai kiwon zomaye, ya ga kejinsa duk tsohuwar waya ce mai tsatsa, ko taki ɗaya babu sabuwa. Shi ma ya fita daga zargi.

Yana dawowa sai ga akuya ta miƙe kan darni tana ƙwamushe ganyen zogale. Sajan ya tsaya cak. An gama girbi, kowa ya kwance awakinsa. Ya tambayi Abigail ina surukinta Baba Zacchaeus, tsohon da ke zaune a ɗakin ƙofar gida. Ta ce tun asuba yake fita kullum, ba ya faɗa wa kowa inda za shi.

Sajan ya ce ta biyo shi. A maƙabarta suka sami tsohon durƙushe, hannuwansa duk karce. Ya kafa dirkokin a kusurwoyin kabarin ɗansa Manasseh, yana ɗaura wayar da igiyar rama. A wajen kai akwai ɗan dashen mangwaro, awaki sun cinye ganyensa sai biyu.

Sajan ya yi mata bayani a hankali. Mai sata don sayarwa da kwano zai fara, kuma ba ya barin rabi. Wanda ya adana saura ɗan gida ne. Dirka huɗu da wayar da aka yanka kuwa daidai suke da kewaye tsawon mutum a kwance, ga lokacin sakin awaki.

Tsohon ya kasa ɗaga kai don kunya.

"Na so in roƙe ki, ɗiyata, bakina ya yi nauyi. Awaki suna taka min shi kamar hanya."

Tausayi ya kama Abigail. Tun ranar jana'iza ba ta iya zuwa wurin ba, ashe tsohon ne ke ta fama shi kaɗai. Sajan ya tambaye ta, don cika ƙa'ida, ko a kwance wayar. Ta girgiza kai. Ta ce Ukasha ya rage girman akurkin, kaji su yi maneji.

Ta durƙusa kusa da surukinta ta kama bakin wayar.

"Baba, ja can. Nan gefen akuya za ta iya sa kai."