Ƙusa Biyu a Tsohon Tarago

A bakin hanyar Suusamyr Kubat ya fara ganin Meerim tana sayar da nonon goɗiya. Shi da nonon ba ya masa daɗi a ciki, sai da ya shanye kwano uku don dai ya daɗe a tsaye. Ta yi dariya ta ce in ya faɗi ba ruwanta.

So ya kama su, amma so ba ya gina ɗaki. A al'adarsu gidan uba na auta ne, Kubat kuwa na tsakiya ne. Abin da ya gada kaf shi ne taragon kakansa, irin wanda makiyaya ke ja da tarakta zuwa tudu, yana nan bayan garke kaji na kwana a ciki.

Toktosun, mahaifin Meerim, bai ɓoye rashin amincewarsa ba. Ya ce amarya bayan labule take zama idan an kai ta, to a wane bango yaron zai rataya labulen? Ga ɗan mai gidan man fetur yana ta aiken neman aurenta, da gidansa na bulo a Bishkek.

Kubat ya yi wautar masoya: ya fara da fenti. Sai da taragon ya yi shuɗi fes sannan ya kira makaniki. Mutumin ya shiga, ƙafarsa ta burma cikin daɓen katako, ya leƙa ƙasa ya ga tsatsa ta cinye ƙarfen. Ya ce wannan kwalliyar gawa ce, a sayar wa 'yan gwangwan kawai.

Zuciyar Kubat ta karye. Ya rubuta mata: "Rabin raina, taragon ya mutu. Ki bi maganar Ata, mahaifinki. Ba zan kai ki inda ruwa zai zubo miki a ka ba."

Ta amsa: "Sarkin fenti, labule ƙusa biyu yake so. Ka nemo biyu."

Washegari ta taso mahaifinta a gaba, da labulen a hammata. Toktosun ya zo ne don ya kashe maganar da idonsa.

Kubat ya buga ƙusar farko kusa da taga, ta kama. Ta biyu kuwa duk inda ya sa ta sai katakon ya zube kamar gari. Ya bi bangon nan kaf yana gumi. Babu. Kunya ta ishe shi, sai ya ɗaga ɗaya gefen labulen da hannunsa, ya tsaya.

"Har yaushe za ka riƙe, yaro?" in ji Toktosun.

"Ban sani ba, Ata. Ba ni da wani bangon."

Tsohon ya daɗe yana kallon hannun, hannun kuwa bai sauka ba. Daga bayan labule ana jin shessheƙar Meerim. Can Toktosun ya kwance ɗamararsa ta fata, ya ɗaure gefen a ƙarfen rufi.

Taragon bai sake motsi ba. An cire tayoyin, an ɗora shi kan duwatsu, ranar biki ma da roba aka tari yoyo. Toktosun ya ɗaga tafukansa, jama'a suka bi.

"Allah ya ba ku zuri'a da haƙuri," ya ce. "Allah ya sa ƙusar nan ta riƙe. Ɗamarata kuma na bar muku."