Ruwan Gyaɗar Malam Tukur

Ana gab da kiran magariba, Malam Tukur, malamin Turanci a wata sakandare a Ajingi, yana zaune a tsakar gida da ƙamus a cinya. Mutum ne mai son a san ya sani, ko kaza ce ta gifta sai ya yi mata darasi.

"Hure," ya ce da matarsa, "kalmar da Turawa ke kiran fatalwa da ita, ashe asalinta fushi take nufi. Kin ji ko? Fushin mutum ne da tsoronsa, babu wani abin ɓoye."

"To, Malam. Sauke min tukunyar gyaɗar nan. Amma don Allah ka yi bisimilla kafin ka zubar da ruwan."

Dariya ya yi. Ya sheƙa tafasasshen ruwan a gindin katanga, bakinsa gum.

Sai aka fara jifan gidan, ba a ga mai jifan ba. Dutsen farko a kan kwanon ɗaki ya faɗo. Na biyu ya fasa randa. Kaji suka yi tsit. Sai 'yarsu Khairiyya ta miƙe a hankali, tana kallon ubanta da idon da ba nata ba. Kwana uku ba ci ba sha, tana ta jijjiga hannuwa kamar mai rarrashin jariri. Tukur ya tsorata, tsoron da bai taɓa yi ba.

A rana ta huɗu da la'asar aka ɗauko Malam Abdulsalam mai ruƙiyya daga Gafasa. Ya daɗe yana karatu kafin muryar wata mata ta fito daga bakin yarinyar.

"Ɗana yana kwance a gindin katangar nan. Da mutumin nan ya ambaci Allah, da na janye shi. Ya ƙona min nawa, zan tafi da tasa."

Mai ruƙiyya ya ce, "Yarinya ba ta yi miki komai ba. Ki ji tsoron Allah ki fita."

Sai muryar matar ta sake fitowa.

"To, a ba ni hannun da ya zuba."

Kafin mai ruƙiyya ya hana, Tukur ya miƙa hannun damansa. Khairiyya ta damƙe. Nan take fatar ta tashi kamar an tsoma ta a tafasasshen ruwa. Sai yarinyar ta saki, ta yi atishawa, ta ce, "Baba, ƙishirwa nake ji."

Ya kai hannu ga moɗa, yatsun suka ƙi kamawa. Hure ce ta ba ta ruwan.

Har yau da hagu yake rubutu a allo. In ɗalibai suka tambaye shi asalin kalmar nan ta fatalwa, "fushi" kawai yake cewa, ba ya ƙara komai.