Kunnen Dama na Ja'afaru

"Ba zan bi ka ba, Yaya Sabo. Ajiye min akwatina."

Ya tsaya a tsakar gida yana kallona kamar yau ya fara ganina.

"Safiyatu, Baba ne fa ya aiko ni! Ya ce in ba ki biyo ni yau ba, kar ki ƙara taka masa zaure."

"Ka ce masa na ji."

"A kan wannan?" Ya nuna ɗaki da haɓa, inda mijina Ja'afaru ke zaune ya zuba wa bango ido. "Mutumin da ko sallama ba ya amsawa? Wallahi boko ya cuce mu a kanki!"

Ya dangwarar da akwatin ya fice. Sai da na daina jin ƙarar babur ɗinsa sannan na mayar da akwatin ɗaki.

Tun shekarar da tsutsa ta cinye mana dawa, taki ya fi ƙarfin talaka, Ja'afaru ya daina magana. An sha rubutu, an yi hayaƙi, garin nan kowa ya ce iska ce. Ni da na yi karatun jinya na san ciwon damuwa ne. Na saka shi a motar Ɗambatta zuwa asibiti a Kano. Wata uku yana shan ƙwayoyi, shiru.

Sai wata likita ta maƙala masa abin saurare a kunnuwa. Kowane kunne da kalmar da yake ji, a lokaci guda. Da ƙyar ya buɗe baki, amma kusan duk abin da ya maimaita na kunnen dama ne.

"Kunnen dama ya fi kai saƙo ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa, can ne gidan magana," in ji ta. "Ba alkawari nake miki ba... amma masu irin wannan sukan fi amfana da zaman tattaunawa."

Ta sa mana zama duk Laraba, ta kuma ba shi aiki: kullum ya nome kunya ɗaya a gonarsa. Ɗaya tak.

Wa zai raka shi? 'Yan'uwansa sun gaji. Na ɗaura zani na ɗauki fartanya. Matar aure, 'yar liman, tsamo-tsamo a gona cikin maza! Gonarmu da ta Baba kuwa a manne suke, kafin azahar labari ya kai wa Baba. Abin da ya kawo Yaya Sabo ke nan.

Washegari na koma gonar.

Mata suka daina zuwa wurina kitso, suka daina aiko min da cefane. Kullum ina gefensa na dama, ina noma ina zuba masa surutu ni kaɗai. Da na gaya wa likita ta yi dariya, ta ce ba sai na tsaya ta dama ba, duk kunnuwan suna ji. Ban daina ba.

Ranar wata Asabar, a noma na biyu, na ji murya a gefena, a dishe.

"Safiya..."

Fartanyar ta kuɓuce min.

"Na'am, abin ƙaunata? Faɗi... ina jin ka!"

Ya daɗe yana kallon kunyar da na nome.

"Gero kike sarewa, kina barin ciyawa. 'Yar boko kawai."

Na durƙushe cikin ƙasa ina dariya ina kuka, har ya miƙo hannu ya ɗago ni.

Yau shekara biyu. Ja'afaru yana zuwa masallaci, yana tsokanata, wasu ranakun kuma shirun ya dawo, mu jira shi ya wuce.

Baba bai ƙara amsa gaisuwata ba. Bikin ƙanwata Larai daga bayan danga na jiyo guɗarsa. Da na haihu, ba wanda ya zo daga gidanmu, ni na dafa wa kaina ruwan wanka. In mun haɗu da Inna a hanyar rijiya, sai ta kalli jaririyar da ke bayana, ta sunkuyar da kai ta wuce.

Na samu mijina, na rasa gidan ubana. Tafiyar minti goma ce tsakaninmu, kuma ba ni da ikon shiga.