Rufin Kwano da Rumbun Tsimi

Da sunan Allah ake buɗe zance, Shi ne Mai yalwata arziki ga wanda Ya so, Mai ƙuntata shi domin jarrabawa.

A tsakar gidan Inna Safi, cikin unguwar kasuwa ta Filingue, an shimfiɗa wa dattijo Magagi tabarma, an ajiye masa fura, bai taɓa ba. Ya zo ne a madadin ɗan ƙanensa Kailu, manomi a wani ƙauye kusa da Tabla, domin suruki ba ya haɗa ido da uwar matarsa, balle ya yi musu da ita. Shi Kailu yana tsugune a bayan darni, yana jin kome. Matarsa Mairama ta zo gida haihuwar fari, an raɗa wa yaro suna Issa, an gama wankan jego, amma ba a mayar da ita ba.

— Safi, in ji Magagi, arba'in ta wuce. Mun zo ɗaukar matarmu da ɗanmu.

— Ku kai su ina? Cikin bukkar nan da awaki ka ci in sun ji yunwa?

— Cikinta anka haifi mijinta, kuma ga shi ya yi gemu.

— Wancan zamanin Nasara ne, Magagi. Yanzu ƙasa ta samu kanta. Ɗana Tahiru shina aikin gwamnati a Yamai, ɗakinai kwano ne. Ƙanwatai ba ta komawa ƙarƙashin ciyawa. A gina soro, a aza kwano, sannan ku zo da jakinku.

Da la'asar Mairama ta fito da tulu kamar za ta rijiya, ta rage tafiya kusa da darnin ba tare da ta juyo ba. Auren nan nasu auren so ne, tun tana tallar fura yana saye ko ba ya jin ƙishi.

— Maigida, ta ce a hankali, na san abin da kake tunani. Ka yi haƙuri, Inna za ta huce. Kada ka taɓa rumbun Baba.

Kowane gida mai mutunci na Bakurfe, wato mutumin ƙasar Filingue, a wancan lokaci yana da rumbun tsimi: hatsin shekarun baya da ake liƙe bakinsa da laka, ba a buɗe shi don biki ko haraji, sai ranar da sama ta ƙi. Mahaifin Kailu ya rasu ya bar masa guda biyu cike da dammunan gero.

Kailu ya jira. Kaka ta wuce, sanyi ya shiga, Inna Safi ba ta huce ba. Aka ce masa Issa ya fara zama, bai gani ba. Aka ce masa wani mai kanti a Filingue ya soma aika wa Inna Safi goro. A ranar da ya ji wannan ne ya ɗauki gatari ya fasa lakar rumbu na farko.

Magagi ya tarar da shi ana sauke dammuna.

— Ɗana, mi kake yi?

— Baba, damina bakwai ba mu ga fari ba. Baɗi in mayar.

— Wa ya ba ka baɗi? Ko in Allah Ya so ma ba ka ce ba.

Hatsin ya tafi kasuwar Baleyara bisa jakuna, ya dawo kwano da ƙusa da azarar giginya. Sai Kailu ya gane cewa gini ciki gare shi, ba ya ƙoshi. Magini ya ce kwano ba ya zama bisa bango sai an ɗaure shi da katako. Katako ya ce sai ƙofa da taga. Masu gayyar buga tubali kuwa ba a ba su lada, amma ba a sallamar su da yunwa, kowace safiya sai an sussuke dami an dama musu fura an tuƙa tuwo. Kafin bango ya kai kafaɗa rumbu na farko ya ƙare. Wanda ya buɗe na farko ba ya jin nauyin na biyu.

Gida ya tsaya, kwano yana walƙiya har daga hanyar mota. Inna Safi da kanta ta rako ɗiyarta, ta buga rufin da sanda don ta ji ƙararsa, ta yi guɗa. Mairama ta shiga, ta dubi ɗakin, sannan ta leƙa bayan gida ta ga rumbuna biyu baki buɗe, kaji suna shiga suna fita.  Ta koma ta ɗora tukunya.

Daminar nan ruwa ya sauka sau ɗaya, aka yi shuka, ya ɗauke. Aka sake, ta ƙone. Wadda ta biyo ta fi ta muni. Aka fita roƙon ruwa da juyayyun riguna, sama ta zauna fara kamar ƙwarya. Shanu suka kwanta a bakin rijiyoyi. Mata suka shiga daji tsinkar anza, 'ya'yan itacen nan masu ɗaci, ana jiƙa ta kwana da kwanaki don ɗacinta ya fita, wasu suna tonon gidan tururuwa don ƙwayar da ta ɓoye. Maƙwabtan da suka riƙe rumbunansu suka buɗe, suna ci da awo. Gidan Kailu babu abin aunawa, ga kwano da rana yana gasa ɗaki kamar tanda.

Issa yana cikin shekararsa ta uku, cikinsa bai ɗauki anza ba. Ya rame, gashinsa ya yi ja. Mairama, bisa kunyar ɗan fari, ba ta taɓa kiran sunansa ba, “yaron nan” take cewa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane. Wani hantsi Kailu yana dawowa daga daji ya jiyo muryarta daga ɗaki tana cewa, “Issa. Issa.” Ya tsaya a bakin ƙofa. Ya san abin da ya sa ta kira.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Bayan sadakar uku Inna Safi ta zo, ita ma ta rame. Ta tsaya a ƙofa, ta yi magana yadda surukinta zai ji daga ciki.

— Ɗauko kayanki. Kamiyo, babbar motar kaya, na tashi Yamai gobe, Tahiru ya aiko mu tahi. Namijin da bai iya ciyad da ɗa guda ba, mi za ki zauna yi mai?

Kailu ya sunkuyar da kai. A ransa ya riga ya yarda ta tafi ta rayu.

— Inna, in ji Mairama, idonta a ƙasa, hatsin da zai ciyad da yaron nan shi ne bisa kanmu. Ke kinka ce a aza shi, shi ya aza, ni kuma na shiga na kwanta ƙarƙashinai. Duk mu uku munka ci. Ba ni barin shi ya biya shi kaɗai. Ki gafarce ni, ki sauka lafiya.

Inna Safi ta ɗaga kai ta dubi rufin. Ta tafi ba ta yi sallama ba.

Da rani ya yi tsanani Kailu ya hau bango ya ciro kwanon falle-falle, suka koma tsohuwar bukka. A Baleyara kowa sayarwa yake, mai saye kaɗan ne. Abin da rumbu biyu suka saya bai cika buhu ba da ya koma hatsi. Mairama ta raba shi biyu, ta zuba rabi a tulu ta liƙe da laka, ta ce iri ne. Akwai ranakun da Kailu ya zauna yana kallon tulun nan, ita kuwa tana zaune tsakaninsa da shi tana jan carbi.

A shekarar da soja suka karɓi mulki, Allah Ya saki ruwa. Ya kwana biyu yana zuba, bangon da ba shi da rufi ya jiƙe ya rushe har ƙasa. Ba su tsaya kallonsa ba, suna gona, shi yana sara da sungumi, ita tana jefa iri tana rufewa da diddige. Gero ya yi. Shekara ta kewayo Mairama ta haifi ɗiya mace, kuma Inna Safi, wadda zaman Yamai bai karɓe ta ba, ita ta zo ta yi mata wankan jego, ba ta tambayi irin rufin da ke kanta ba.

Ya ku samari da iyayen 'yan mata, tsadar gida ba ta ƙare a abin da aka ba magini. Ku duba abin da kuka fitar daga bakin iyalinku kafin ku aza tubali, domin Allah Ya hana almubazzaranci, kuma Yana tare da masu haƙuri. Kailu da Mairama sun tsufa tare cikin wadata, sun ga jikoki. Amma Issa bai dawo ba.

Allah Ya ba mu ikon gane iyakarmu. Wallahu a'alamu.